SIYASAR TARANSIFOMA TA ISHE MU HAKA, INA MASU GYARAN?

Jama'a, yau zan taɓo maganar da na san ba za ta yi wa wasu manyanmu daɗi ba, har da waɗanda muke inuwa ɗaya da su. Sai dai a yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ana gab da zaɓen da ya wuce wani ɗan takara ya kawo mana sabuwar taransifoma unguwarmu. Aka kafa rumfa, aka kira makaɗa, mata suka rangaɗa guɗa. Ni kaina ina cikin waɗanda suka ɗauki hoto suka watsa, har da rubuta "aiki ga mai ƙare ka". A ranar wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin NEPA, ya zagaya ta sau biyu, ya ɗaga kai ya kalli wayoyin, ya ce da ni, "Ɗana, wannan ba za ta ga damina biyu ba." Na ɗauka baƙin ciki ne irin na ɗan adawa. Wata biyar ta yi ta kama da wuta.

Bayan ta ƙone na koma na ce, "Baba, me ka gani?" Sai ya zaunar da ni ya yi min karatu. Layi uku ne ke fitowa daga taransifoma, kuma dole a raba musu lodi daidai. Mu kuwa duk wanda ya ga layin da ya fi ƙarfi sai ya kira yaro ya mayar masa da wayarsa can, har rabin unguwa suka taru a kan layi ɗaya. Fis ɗin da aka sa don ya tsinke idan lodi ya yi yawa, an cire shi an ɗaura wayar tagulla mai kauri wadda ba ta tsinkewa. Wayar da ke shiga ƙasa ɓarayi sun yanke ta tun makon farko. Man da ke sanyaya cikinta kuwa babu wanda ya taɓa dubawa. Ya ce a zamaninsu da daddare ake fita da na'urar awo, lokacin da kowa ya kunna kayansa, a auna kowane layi a rubuta a littafi. Yau wa ke yin wannan?

Daga nan muka shiga karo-karo, gida-gida, don gyaran kayan da a ƙa'ida ba namu ba ne. A cikin wannan hidima wani matashi da ke bin ma'aikatan wuta yana hawa musu falwaya ya kusa rasa ransa. An tabbatar masa an kashe layi, ashe wani gida ya tayar da janareta bai raba shi da wayar waje ba, wutar ta biyo ta baya. Da silifas ya hau, ba safar hannu, ba bel, ba hular kwano. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma hannunsa na dama har yau bai miƙe ba. Da aka je neman kuɗin magani sai aka ce babu sunansa a jerin ma'aikata. Shekara huɗu yana hawa musu falwaya, kowa a unguwar ya san shi, ofis ne kaɗai bai san shi ba.

Wannan shi ne abin da nake so mu gane. Mun shafe shekaru muna sayen ƙarfe muna watsar da mutum. Duk ɗan siyasa ya san taransifoma tana yin kyau a hoto. Yaron da aka horar shekara uku ya iya kula da ita ba ya shiga fosta, shi ya sa babu mai sa kuɗinsa a can.

Mu ɗan waiwaya baya. An buɗe madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, Jebba ta biyo baya a 1985, Shiroro a 1990. Ban ce NEPA mala'ika ba ce, duk mun sha duhunta mun sha cin hancinta. Amma tana da abu ɗaya, tana ɗaukar yaro daga makarantar koyon sana'a ta horar da shi a cibiyoyinta, ta haɗa shi da ubangida ya bi shi shekaru kafin a sakar masa layi. A 2005 aka yi dokar gyaran fannin wuta, NEPA ta koma PHCN. Ran 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta da na samar da ita ga 'yan kasuwa, aka sallami ma'aikata fiye da 40,000, sababbin masu gida suka zaɓi waɗanda suke so suka sake ɗauka. Aka ce mana duhu ya ƙare. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Abin da ba a lissafa ba a wancan ciniki shi ne ilimin da ke kan dattawan da aka sallama. Akwai wanda ya san inda kebur ɗin ƙarƙashin ƙasa ya bi a cikin gari tun ana binne shi, ya san wane layi ne ke faɗuwa da an yi iska, ya san taransifomar da ke zafi da azumi. Mafi yawan wannan ilimi ba ya kan takarda. Da ya tafi gida ya tafi da shi, idan ya rasu a binne su tare. A madadinsa aka cika fili da ma'aikatan wucin gadi na 'yan kwangila, albashi kaɗan, ba fansho, ba tabbas. Aikin da aka fi tura su kuwa kun san shi: rabon bil da yanke waya. Mutumin da aka auna ƙoƙarinsa da yawan kuɗin da ya tara a wata, yaushe zai tsaya auna lodi?

Yanzu kuma ga zamani ya zo da nasa. Wutar yau ta wuce filaya da tsani. Mita mai kati kwamfuta ce ƙarama, tana buƙatar mai sa ta, mai saita ta, mai gane in an yi mata zagaye. Amma har yanzu kusan rabin masu amfani da wuta a ƙasar nan ba su da mita, ana yanka musu bil na ƙiyasi, duk da shirin da aka fito da shi a 2018 da wanda ya biyo baya a 2020. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit bisa alƙawarin awa 20 a rana. To alƙawarin awa 20 ai alƙawari ne na ma'aikata. Layi zai faɗi da tsakar dare, dole a samu wanda zai gano inda ya lalace ya gyara kafin asuba. In babu wannan mutumin, kuɗin kawai aka ƙara.

Haka abin yake a sama. Babban layin wuta na ƙasa dole bugunsa ya tsaya a kusa da 50 a kowane daƙiƙa, in ya kauce da yawa injina su kashe kansu, ƙasa ta faɗa duhu. Daga Osogbo ake lura da shi. Akwai tsarin kwamfuta da ake kira SCADA wanda ke nuna wa mai lura halin da kowace tasha take ciki nan take, har ya iya buɗe layi ko rufe shi daga kujerarsa. Shekara da shekaru ana maganar kammala shi a Nijeriya. Inda bai kai ba, sai a koma buga waya ana tambayar na tasha me yake gani, alhali matsalar da ke kayar da layi ba ta jiran a ɗauki waya. Ko gobe aka kammala shi, sai an samu injiniyoyin sadarwa, da masu saita na'urorin kariya, da masu tsare shi daga 'yan kutse. Irin waɗannan yara duniya ce ke rububinsu. Wanda ya ƙware ba zai zauna a kan albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata ba, ƙasashen Larabawa da Turai na miƙo masa hannu.

Ku tuna da yarjejeniyar Siemens ta 2019. An ce megawat 7,000 a 2021, megawat 11,000 a 2023, megawat 25,000 a 2025. Wasu kaya sun iso, ban musa ba. Amma wutar da ta fi yawa da aka taɓa ɗorawa a kan layin ƙasa, a watan Maris na 2025, ba ta kai megawat 6,000 ba, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Mu 'yan Arewa mu ne muka fi kowa sanin zafin wannan. A Oktoban 2024, da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace a hannun ɓata-gari, sannan wanda ya biyo ta Makurɗi zuwa Jos ya samu matsala, yawancin jihohinmu sun fi mako guda cikin duhu. Masu niƙa suka rufe, masu walda suka zauna, mai ƙanƙara ya yi asara, garwar ruwa ta yi tsada, asibitoci suka koma dogaro da dizal. Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru duk a ƙasarmu suke, amma muna kallon ruwa muna kwana a duhu. Maiduguri kuwa tun Janairun 2021 da aka tarwatsa turakun layin Damaturu ta ga abin da ya fi haka, sai da aka gina mata tashar gas mai megawat 50 a 2023. A duk waɗannan lokuta su wa suka shiga daji suka ɗaga turakun? Ma'aikata ne, da rakiyar sojoji, ransu a hannunsu. Ko sau ɗaya kun ji an karanta sunayensu a wajen taron siyasa?

Na san abin da za a ce min. Wani zai ce matsalar gas ce da bashin da kamfanonin samar da wuta ke bi. Gaskiya ne, akwai wannan, kuma babba ce. Amma ko an biya bashin nan yau, wutar sai ta bi ta taransifomar unguwarku kafin ta shiga ɗakinka. Wani zai ce ai an sayar da kamfanonin, ba ruwan gwamnati. Kashi 60 cikin 100 aka sayar, gwamnati ta riƙe kashi 40, kuma hukumar NERC na nan da ikon hukunta su. Wani kuma zai ce wuta harkar tarayya ce, me ya shafi gwamna? Wannan uzurin ya mutu tun 2023. An gyara kundin tsarin mulki a watan Maris, aka sa hannu a sabuwar dokar wutar lantarki a watan Yuni, yanzu jiha na da ikon samar da wuta, ta rarraba, ta kafa hukumar da za ta sa ido. Enugu da Ondo da Ekiti tun 2024 suka karɓi nasu ikon. To jihar da za ta kafa hukumar wuta, da waɗanne injiniyoyi za ta cika ta? Ko su ma za a raba kujerun ne ga 'yan kamfen?

Kuma kada mu wanke kanmu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne masu zagaye mita, mu ne masu jona waya da daddare, mu ne masu taruwa mu lakaɗa wa ɗan yanke wuta duka kamar shi ya ƙayyade farashi. Ga sola ta shigo kowane lungu, abin alheri, amma wanda ya kalli bidiyo biyu a waya ya zama injiniya, yana haɗa batir da infata ba fis ba kariya, gobara na tashi a kasuwanni muna cewa tsautsayi.

Don haka ga abin da nake so mu ɗora a gaban duk mai neman ƙuri'armu, namu ne ko na wasu:

1. Cibiyar horar da ma'aikatan wuta ta ƙasa, NAPTIN, tana nan tun 2009, tana da rassa a Kainji da Kaduna da Kano da Jos. Ya faɗa mana yara nawa zai ɗauki nauyinsu a can duk shekara daga kowace ƙaramar hukuma, maza da mata, kuma a wane layi na kasafin kuɗi.

2. Duk taransifomar da za a saya da kuɗin mazaɓa, a haɗa da kuɗin kula da ita da awon lodinta, a rubuce, tare da kamfanin da zai karɓe ta.

3. A farfaɗo da kwalejojin fasaha na jiha, a sa musu kayan aiki na gaske, a ɗauko dattawan da suka yi ritaya su koyar tun suna da rai.

4. Duk wanda zai hau falwaya ya zama yana da takardar ɗaukar aiki, da kayan kariya, da inshora. Kamfanin da ya tura yaro sama da silifas a ci shi tara.

5. Masu haɗa sola da wayarin gidaje a yi musu jarrabawa a ba su lasisi mai sauƙin kuɗi, yadda mai gida zai san wa ya kira.

Babu ko ɗaya a nan da ya fi ƙarfin gwamna ko ɗan majalisa. Matsalar ita ce amfaninsu ba ya fitowa kafin zaɓe, shi ya sa sai mun matsa.

Dattijon nan maƙwabcina ya haura saba'in, idonsa ya fara rauni. Kullum da yamma yana zaune a ƙofar gida yana kallon wayoyin da suka cakuɗe kamar saƙar gizo, yana girgiza kai. Babu wata hukuma da ta taɓa aiko masa yaro ko ɗaya ya koya masa abin da ya sani. Yaron da hannunsa ya shanye kuwa yanzu cajin waya yake yi a bakin titi, da ƙaramin janareta.

Ranar da ɗan takara ya sake zuwa unguwarku da taransifoma a bayan mota, ku karɓa, haƙƙinku ne, da kuɗinku aka saya. Amma kafin a fara kiɗa, wani ya tashi ya tambaye shi a gaban jama'a: ranka ya daɗe, wa zai kula da ita, a ina aka horar da shi, nawa ake biyansa? In ya fara kame-kame, kun san amsar.

Allah Ya ba mu shugabanni masu hangen nesa, Ya kare ma'aikatanmu da ke kan layi dare da rana. Amin.