A Bar Mai Naƙuda Ta Shiga Da 'Yar'uwarta

Da na kai maiɗakina wani asibiti haihuwa, a bakin ƙofa aka tsare yayarta, ita kaɗai ta kwana tana naƙuda. Yanzu ta rantse cikin nan a gida za ta haihu, ni kuwa zubar jini nake tsoro.

A Amurka har hayar mace ake yi, wai ita dula. Ba ta karɓar haihuwa, aikinta riƙe hannu, shafa baya da kwantar da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2018 ta ce a bar mai naƙuda da wanda ta zaɓa. Mu da muke da yayye kyauta, don me ake korarsu?

Wani manomi, Ɗambatta.