FILIN SHAWARA: Salula ta kwana lafiya, ta tashi ba ta kama wifi

 Zancen wannan wata na salula ne. Kuka ya yi yawa a kanta cikin ƙasar Guna, kuma kukan iri ɗaya ne: salula ta kwana lafiya, da safe ta tashi da sabuwar fuska, ta ƙi kama wifi. Ga abin da ya faru da wani dattijo a wani ƙauye kusa da Guna.

Bara da bazara hatsi ya ƙare mashi. Ya ba da gonarsa jingina a kan jika sittin. Ba a yi takarda ba. Ɗansa ne ya kunna salula, aka ɗauki muryar mai kuɗɗi da ta shaidu biyu, kowa ya faɗi yawan kuɗɗin da lokacin biya. Daga nan yaron ya tafi ci-rani Libiya, ya bar ma ubansa salular. Bana da aka yi girbi ya aiko saƙon murya, ya ce zai turo kuɗɗin fansar gona, lambar karɓa kuma za ta zo ta WhatsApp. An shirya da mai kuɗɗi a gamu ran Lahadi a kasuwar Mirya.

Daren Alhamis dattijo ya bar salular tana shan wuta a shagon mai sharji, wanda shi ne kuma mai sayar da wifi a garin. Ran Juma'a da safe ya karɓo ta. Hotunan fuskarta sun sake kama. Tikitinsa na mako bai ƙare ba, amma saƙo ba ya shiga, ba ya fita. Ya kai ta wurin wani mai gyara a bakin kasuwa. Yaron bai ko duba ta sosai ba, ya ce: "Baba, wannan sai filashin. Jika biyu."

Dattijo ya ce: "Ɗana, mene ne filashin?"

Ya ce: "Wanke ta za a yi, ta koma kamar sabuwa."

Maganar "sabuwa" ta yi ma dattijo daɗi. Allah ya sa babu jika biyu a aljihunsa. Ya koma gida neman rance. A can ɗiyar ƙanensa, wadda ke shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci, ta ji labari. Ta ce: "Baba, in an wanke ta, muryar shaidu fa?" Dattijo ya yi shiru. Bai yi wannan tunani ba.

ME YA SAMI SALULAR?

Ba aljani ba ne, ba kuma mai sharji ne ya musanya wani abu a cikinta ba, ko da yake an zarge shi. Irin salular da ake shafawa da yatsa tana da tsarin da ke tafiyar da ita. Na mafi yawan waɗanda ke hannun jama'a, kamar Tecno da Itel da Infinix, sunansa Android, kuma kamfanin Google na Amurka ke yin shi. Lokaci lokaci masu ƙera salula suna aiko gyara ta iska, don toshe ƙofofin da ɓarayi ke bi. Wannan shi ne sabuntawa. A fuskar salula da Faransanci ana rubuta shi "Mise à jour".

Gyaran nan yana da nauyi, yana cin mega da yawa. Shi ya sa salula takan jira sai ta samu wifi kafin ta jawo shi. A da wifi sai a birni, irin su Damagaram. Tun watan Maris na 2025 da Starlink ya fara aiki a Nijar, masu shago suna ɗora farantinsa bisa rufi, suna sayar ma mutane tikiti. To, tsohuwar salula da ta daɗe tana jira, ranar da ta kwana kusa da wifi sai ta sha gyaran duka, kamar raƙumin da ya iso rijiya. Da safe wasu abubuwan da aka saba da su sun gusa daga wurinsu. Salular ba ta mutu ba. Hanya ce ta ɓace mata.

Kuma hanyoyin biyu ne, a riƙe wannan da kyau. Akwai rezo na layi, wanda ke zuwa daga dogon ƙarfen kamfani, Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom. Alamarsa sanduna ne a tsaye, daga gajere zuwa dogo. Akwai kuma wifi, wanda ke fitowa daga akwatin mai shago, ba ya wuce ƴan gidaje. Alamarsa kamar mafici ce. Mai cewa "rezo ya ɓace" ya fara duba wanne daga ciki.

YADDA YARINYAR TA BI

Da la'asar ta ɗauki salular, su biyu suka tafi shagon. Abu na farko da ta yi bai buƙaci karatu ba: ta tambayi samarin da ke zaune a kan benci ko nasu na tafiya. Suka ce lafiya lau. Da a ce kowa ya rasa, laifin na akwati ne, ko batirin hasken rana ya sauka, ko hadari ya tare farantin. Nan babu abin taɓawa a salula, sai haƙuri. Mutane da yawa sun ɓata salularsu suna neman ciwon da ba a jikinta yake ba.

Sai ta kashe salular gaba ɗaya, ta dakata kaɗan, ta kunna. Bai yi ba. Ta jawo fuskar daga sama, ta taɓa hoton jirgin sama, ta ƙirga talatin, ta sake taɓa shi. Hoton jirgin nan yana yanke kowace hanya, in an cire shi salula ta sake nema daga farko. Sau da yawa a nan zance ke ƙarewa. A lura kawai kada a bar jirgin a kunne, don ko kira ba zai shigo ba.

Na dattijo bai ƙare nan ba. Ta duba kwanan wata da agogo, ta ga daidai suke. Wannan ƙaramin abu ne, amma yana da ƙarfi. In salula na zaton wata shekara ake ciki, shafuffuka da yawa ba su buɗewa, WhatsApp ma yakan ƙi tashi har sai an gyara. Ana shiga hoton nan mai haƙora kamar na injin niƙa, wanda ake rubuta ma "Paramètres", a nemi "Date et heure", a bar salula ta ɗauki lokaci da kanta. In ta nuna sunan Lagos maimakon Yamai kada a damu, agogon Nijar da na Najeriya ɗaya ne.

Daga nan ta shiga wurin wifi, ta taɓa sunan akwatin mai shago, ta karanta a hankali, baƙi bayan baƙi, har ta samu "Oublier". Ma'anarsa a manta. Salula ta manta da akwatin, ta sake gaisawa da shi kamar baƙo. In akwatin na da lambar sirri, sai an sake rubuta ta, kuma babban baƙi daban yake da ƙarami, sifiri daban yake da baƙin O. Wanda bai san lambar ba ya tambaya tun kafin ya taɓa "Oublier".

Mafici ya cika. Shafin tikiti ya fito. Ta rubuta lambar tikitin. Sai shafin ya ƙi karɓa, wai tikitin na hannun wata salula.

Nan ne rigima ta so tashi. Dattijo ya ce: "Malam, kuɗɗina na mako na biya, yau kwana uku kawai." Mai shago ya ce: "Wallahi Baba, ban sayar ma kowa tikitinka ba." Dukansu gaskiya suka faɗa.

Makiyayi zai gane wannan da sauri. Kowace saniya tana da shaida, ko tsagar kunne ko lalas, da ita mai ita ke gane ta cikin garke. Haka kowace salula ke da shaidarta, wata doguwar lamba da ake ce ma MAC. Akwatin mai shago yakan ɗaure tikiti da wannan shaida, don kada mutum biyar su sha da tikiti ɗaya. To, tun Android 10, wanda ya fito a 2019, salula tana ɓoye shaidarta ta asali, ta nuna ta aro, don kada a riƙa bin sawun mai ita daga wuri zuwa wuri. Niyyar mai kyau ce. Amma salular dattijo ta sayi tikiti da tsohuwar shaida, ta kwana ta hau sabon tsari, da aka sake haɗa ta da akwati sai ta zo da ta aro. Akwati ya ga baƙuwar saniya a bakin kwami, ya hana ta ruwa.

Maganin iri biyu ne. Ko mai shago ya kwance tikitin daga tsohuwar shaida, abin da ba ya ɗaukar shi minti biyu in ya san aikinsa. Ko a shiga bayanin wannan wifi a salula, a nemi inda aka rubuta MAC, a zaɓi "adresse MAC de l'appareil", watau shaidar salular ta asali. Yarinyar ta bi ta biyu, don mai shago ya ce wanda ya haɗa mashi akwatin yana Damagaram. Masu sayar da wifi, ya kamata ku koyi wannan da kanku. Mai karɓar kuɗɗin jama'a kullum bai kamata ya jira wani daga birni ba kafin ya kwance tikiti ɗaya.

IN REZON LAYI NE YA ƘI

Wani nasa ba wifi ba ne. Ya sayi mega, kira na shiga, amma intanet ba ya tafiya. Mai layi biyu ya duba wane layi salula ta zaɓa ma intanet, don bayan sabuntawa takan koma kan wanda babu mega, ta cinye kuɗɗin kira a banza. A duba kuma "Données mobiles" a kunne yake. In duk daidai ne, to saitin kamfani ne ya goge, wanda ake ce ma APN. Wakilin kamfanin layin yana mayar da shi. Ba a buɗe salula, ba a taɓa abin da ke cikinta.

LAYI BIYU MASU KAMA DA JUNA

In an bi duk wannan bai yi ba, saura magani ɗaya na gida, kuma a nan ake son mai karatu ya zauna kusa. Cikin "Paramètres" akwai wurin da aka rubuta "Réinitialiser" ko "réinitialisation". A ciki akwai layin da ke ɗauke da kalmomin Wi-Fi da Bluetooth. Wannan hanyoyi kawai yake sharewa. Lambobin sirrin wifi za su tafi, a sake rubuta su, amma hoto da murya da lambobin mutane suna nan.

Ƙasa da shi kaɗan akwai wani layi mai cewa "Effacer toutes les données", wani lokaci da kalmar "usine". Wannan shi ne wankin da mai gyara ya ambata, ko ɗan uwansa. Yana share kome: hotunan yara, saƙonnin WhatsApp, muryar da aka ɗauka, lambobin da ba a kan layi aka ajiye su ba. Abin da ba a kwafe wani wuri ba ya tafi ke nan. Bayan wankin mai gyara salula takan nemi adireshin Google da lambar sirrin da aka fara buɗe ta da su. Mutum nawa ne a karkara ya san nasa? Galibi yaron da ya sayar da salular ne ya buɗe, shi ma ya manta. Sai a biya kuɗɗin wanki, a koma a biya na buɗewa.

Ba a ce masu gyara duka macuta ne ba. Akwai salular da gyara ya yanke mata a tsakiya don batir ya mutu, ta tsaya a kan sunan kamfani ba ta wucewa. Irin wannan sai mai gyara. Amma salular da ke kunnuwa, tana kira, tana nuna hoto, wifi kawai ta ƙi, ba ta kai ga wanki ba. Wanda aka ce ma sai filashin ya yi tambaya ɗaya: "Abin da ke ciki fa?" In za a yi dole, a fara kwashe murya da hotuna zuwa katin memwar ko wata salula, mai ita na tsaye yana gani.

Sabuntawa kuwa ba a ce a guje ta ba, tana da amfani. A zaɓa mata rana dai. Batir ya wuce rabi, kada a kashe salula tana cikin aiki, kuma kada a yarda mata a jajibirin ranar da ake jiran saƙo mai nauyi. In ta tambaya, akwai "Plus tard", watau sai an jima.

Kafin magariba ta ran Juma'ar nan saƙonni bakwai suka shigo ma dattijo a jere. Na biyar shi ne lambar karɓar kuɗɗi. Yarinyar ta kwafe ta cikin littafinta na aji. Ta kuma ce a kira shaidun nan biyu ran Asabar, a rubuta zancen jinginar a takarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Shaida ɗaya ya zo, ɗayan ya tafi kai shanu kudu. Ran Lahadi a Mirya mai kuɗɗi ya ce shi jika saba'in yake tunawa. Aka kunna mashi muryarsa a gaban mutane. Ya saurara har ƙarshe, ya karɓi sittin.

Wata mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai duba batirin salula da ke kumbura lokacin zafi.