Sharhi: Tsofaffin Motocin Alfarma Na Ingila, Kayan Marmari Ne Ba Jari Ba

Duk wanda ya taɓa zama cikin Jaguar XJ6 ko Rolls-Royce Silver Shadow ya san abin da ke jan hankalin attajirai gare su: kujerun fata, katakon da aka goge da hannu, da tafiya lumui kamar ba a taka ƙasa. Idan irin wannan mota ta tsaya a ƙofar gida, ba a tambayar matsayin mai ita.

To amma ɗan kasuwar da ke shirin sayen ɗaya da sunan ajiye dukiya, ya kamata ya sake lissafi. Kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da za ta ci masa.

Matsalar tana da asali. A 1968 Jaguar ya shiga ƙarƙashin kamfanin British Leyland, wanda gwamnatin Birtaniya ta karɓe a 1975 bayan ya durƙushe. Yawan yajin aiki da ƙarancin jari sun sa aka riƙa fitar da motoci masu kyan ƙira amma marasa ingancin haɗi. Jiki yana saurin tsatsa, wayoyin lantarki na kamfanin Lucas kuwa sun yi ƙaurin suna wajen ɗaukewa ba zato. Injin Jaguar mai silinda 12 yana shan mai, kuma ba ya jure zafi idan lagireto ya toshe, balle a rana irin ta Nijeriya.

Silver Shadow, wadda aka ƙera daga 1965 zuwa 1980, ta fi su ƙarko, amma birkinta da na'urar daidaita tsayinta suna aiki ne da mai mai matsi sosai. Idan robobi suka tsufa suka fara yoyo, gyaran sai ƙwararren makaniki, kayan gyara kuma sai an yi odarsu da fam ko dala. Hasali ma ajiye ta ba a tuƙawa ya fi lalata ta.

Kasuwa ma ta yanke hukunci. Ford ya sayi Jaguar a 1989, ya sayar wa Tata na Indiya a 2008. Bentley yana hannun Volkswagen tun 1998, Rolls-Royce kuma BMW ke ƙera shi tun 2003. Suna ya tsira, amma mallaka ta bar Ingila.

Gaskiya ne wasu ƙalilan, kamar E-Type ta 1961, sun yi daraja a wuraren gwanjo. Amma motocin da aka ƙera dubbai, da wuya farashinsu ya mayar da kuɗin kula da su.

Saboda haka mai sha'awa ya saya da rarar kuɗi, ba da jarin kasuwa ba. Ya nemi makaniki kafin ya nemi mota, ya duba takardun gyaranta, ya kuma guji mai arha, domin araha ba ta ado.