Nijar: Matasan da ke shiga aikin tsara kiwon lafiya sun tarar da lissafi ya sauya

Matashin da ya gama karatun kiwon lafiyar jama'a ko ƙididdiga a Yamai galibi ta ƙofar bautar ƙasa yake shiga aiki. Wani a ajiye shi a ma'aikatar kiwon lafiya, wani a tura shi ofishin jiha ko ɗaya daga cikin gundumomin kiwon lafiya 72 na ƙasar. Ba ya riƙe allura, ba ya duba majinyaci, shi ya sa 'yan uwa kan tambaye shi wai shi wane irin likita ne. Amma daga teburinsa ake sanin yawan maganin zazzaɓin cizon sauro da za a kai Dakoro kafin ruwa ya sauka.

Aikinsa na farko shi ne tattara rahoton wata-wata daga cibiyoyin CSI, a zuba shi cikin manhajar DHIS2 wadda Jami'ar Oslo ta ƙirƙira. Wannan ana koyonsa cikin 'yan makonni. Inda gizo ke saƙa shi ne yawan jama'ar da ake yi wa lissafin. Alƙaluman da ake aiki da su hasashe ne da aka ɗora kan ƙidayar 2012, a ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 a shekara. Nijar ba ita kaɗai ba ce: Kamaru ta shafe shekara ashirin tana jingine da ƙidayar 2005, Najeriya kuma da ta 2006.

A bakin iyaka abin ya fi rikicewa. Tun 2019 dubban mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maradi, musamman yankin Gidan Rumji, saboda hare-haren 'yan bindiga. Ga makiyaya masu tafiya da damina, ga matan da ke ƙetarowa awon ciki don nan ya fi musu kusa. Sai rahoto ya nuna an yi wa kashi 120 cikin 100 na yaran gunduma rigakafi. Sabon shiga zai ɗauka nasara ce. Wanda ya daɗe ya san adadin yaran ne aka rage tun farko, kuma da shi za a auna maganin baɗi, ya ƙare ana tsakiyar damina.

Kuɗin ma ba inda aka saba samunsu suke ba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi, sannan a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta tsayar da ayyukan USAID, wadda ke da hannu a yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a jihohin Dosso da Tawa. A tsakanin nan, cikin 2024, hukumomin Yamai suka rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati, suka mayar da haihuwa kyauta. Talaka ya yi maraba, kuma da gaskiyarsa. Sai dai ma'aikatan lafiya ba su manta da 2006 ba, lokacin da aka mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta: gwamnati ta riƙa jinkirta biyan cibiyoyin kuɗin da suka kashe, bashi ya taru, kantocin magani suka bushe. Ko za a kauce wa maimaita wannan, ya danganta da masu iya faɗin abin da kowace haihuwa ke ci, da yawan waɗanda za a yi a Mirya ko Madawa cikin shekara.

A nan ne tsarin ɗaukar matasan ke da rauni. Yawancinsu ana barin su a kan shigar da alƙaluma kawai, ba a zama da su wajen tsara shirin shekara ko kasafin gunduma, inda ake koyon aikin na gaske. Ga alawus ɗan kaɗan, ga rashin tabbacin samun gurbi bayan an gama. A da ƙungiyoyin agaji ne ke kwashe masu ƙoƙarin cikinsu da albashi mai tsoka. Yanzu su ma suna rage ma'aikata. Wannan dama ce ga ma'aikatar ta riƙe waɗanda ta horar, in har za ta buɗe musu guraben dindindin a gundumomi masu nisa irin su Bilma da Ngigmi, ba a Yamai kaɗai ba.