Murar Tsuntsaye: Me Ya Sa Mutane Suka Ɓoye Kajinsu?

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu ba su manta da shekarar 2006 ba. A watan Fabrairu na wannan shekara aka tabbatar cewa murar tsuntsaye ta ɓulla a wata babbar gonar kaji a Jaji, Jihar Kaduna. Wannan ne karo na farko da aka ga irin wannan mura a Afirka. Kafin wata ya ƙare ta bayyana a Kano da Filato, har ta ƙetara zuwa Magarya a ƙasar Nijar.

Gwamnati ta ba da umurni a kashe dukan kajin da ke inda cutar ta shiga, a binne su. Wannan daidai ne, gama cutar ba ta da magani, tana kuma iya kama mutum. A watan Janairu na shekara mai zuwa, wato 2007, ta kashe wata mace a Legas. Amma diyyar da aka yanka da fari ita ce Naira 250 a kan kowace kaza, alhali kaza mai ƙwai ta fi haka kuɗi nesa ba kusa ba. Ga shi kuma kuɗin ba ya zuwa da wuri.

To, me mutane suka yi? Waɗansu suka yi shiru, suka ɓoye kajinsu. Waɗansu da suka ga kaji sun fara mutuwa, sai suka kwashi sauran da dare suka kai kasuwa, suka sayar da araha. Mutanen birni kuwa tsoro ya kama su, suka daina cin ƙwai da naman kaza, har wanda kajinsa lafiyayyu ne ya rasa mai saye. Ta haka cutar ta bi kwandon ɗan kasuwa daga gari zuwa gari.

Ra'ayinmu shi ne, laifin yana wuyan kowa. Gwamnati ta manta cewa mutum ba ya kai ƙarar abin da zai talauta shi. A ƙauyukanmu yawancin kaji na mata ne. Da su ake biyan kuɗin makaranta, da su ake sayen magani. Mace mai kaji goma ba ta da takardar da za ta nuna, ba ta kuma san ofishin da za ta je ba. Daga baya, da taimakon Bankin Duniya, an ƙara diyya ta kusanci farashin kasuwa. Da an yi haka tun farko, da an ceci dukiya mai yawa.

Amma mu ma kada mu wanke kanmu. Wanda ya sayar wa maƙwabcinsa kaza mai ciwo bai cuci gwamnati ba, ɗan'uwansa ya cuta. Cutar ta sake dawowa a 2015, ta fara da Kano da Legas, saboda haka babu mai cewa ta tafi ke nan.

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta yi tun yanzu. Magatakarda ya buɗe littafi, ya rubuta yawan kajin kowane mamba, mata da maza, a riƙa gyara lissafin kowane wata uku. A ajiye ɗan asusu domin a tallafa wa wanda aka kashe wa kaji kafin diyya ta iso. Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. In kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, kada mu ce ai annobar hunturu ce da muka saba. Ido ba ya bambanta su, sai an gwada a Vom. A kira malamin dabbobi ran nan, kada a yanka, kada yara su taɓa mushen, a binne shi cikin rami mai zurfi.

In an zo maganar diyya kuwa, shugabannin ƙungiya su tafi tare, da littafi a hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kawo wannan magana a taronmu na wata mai zuwa.