Kira ga Shugabannin Honda: A Mayar wa Gold Wing Wurin Kaya da Wurin Mutum na Biyu

Zuwa ga shugabannin kamfanin Honda da injiniyoyin masana'antar Kumamoto a ƙasar Japan,

Na rubuto muku ne a kan Gold Wing, babur ɗin doguwar tafiya da kuka cika shekara 50 kuna sayarwa a 2025, musamman sabon zubin da kuka fito da shi a 2018. Ni mahayi ne, kuma abin da zan faɗa ba nawa ne ni kaɗai ba. Magana ce da take yawo a bakin mahaya duk inda suka yada zango, tun ranar da sabon ya shigo kasuwa har yau. Babban roƙona guda ne: ku bar injin sabon da ƙafafunsa yadda suke, amma ku mayar masa da wurin kaya da tankin mai da kariyar iska da kuka rage masa, domin mutum biyu ne suke hawan wannan babur, kuma na biyun ne ragin ya fi shafa.

Yabon gwani ya zama dole, don haka da shi zan fara. Tsohon GL1800 da ya fito a 2001 ya haura kilo 400 idan an haɗa masa komai. Duk wanda ya taɓa tsayawa da shi a kan gangara, da goyo a baya, akwatuna cike, sannan ƙafarsa ta sauka a kan tsakuwa, ya san yadda gaba yake faɗuwa a wannan lokaci. Kun zabge masa kimanin kilo 40, kuma ana jin bambancin tun kafin a ta da inji. Kun cire sandunan shokozoba biyu da aka saba gani a gaban babur, kuka sa hannaye biyu masu ɗaukar taya irin na gaban mota. Idan mutum yana kan kujera ya leƙa ta ratar da ke gaban kan babur, zai ga ƙarafan suna ta rawa sama da ƙasa suna haɗiye gargada, alhali hannunsa ko motsi ba ya yi. Mai ganin wannan a karon farko sai ya sake leƙawa.

Sai kuma giya. Tsohon biyar gare shi. Sabon shida ne ga mai son kulochi, ko bakwai ga wanda ya zaɓi DCT mai canza kansa. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi rantsuwar ba za su hau babur marar kulochi ba, yau su ne suke tallarsa, musamman dattawan da ciwon gaɓɓai ya fara taɓa musu hannun hagu. Ga maɓallin da yake tafiyar da babur a hankali gaba ko baya wurin ajiyewa. Ga gilashin gaba da ake ɗagawa da lantarki ana cikin tafiya, inda a da sai an tsaya an kwance maƙallai biyu an ja shi da hannu. Injin mai silinda shida yana nan da laushinsa da ƙarfinsa. A kan waɗannan, ko masu kewar tsohon ba sa musu.

Inda ake rabuwa shi ne wurin kaya. Tsohon yana ɗaukar kusan lita 150. Wanda kuka kawo a 2018 lita 110 yake ɗauka, 50 a akwatin sama, 30 a kowane gefe. A takarda ragin lita 40 ne, amma a hannun mai shirya kaya ya fi haka, saboda cikin akwatunan gefen ba a miƙe yake ba, akwai tudu da lungu, jaka mai kusurwa ba ta zama. Mahaya da yawa sun tarar cewa hulunan kwano biyu masu rufe fuska ba sa shiga akwatin sama murfin ya rufu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mata da miji sun tsaya cin abinci a wani gari, kowa sai ya rataya hularsa a hannu ya shiga da ita, a kan babur ɗin da tun zamanin iyayensu aka san shi da haɗiye komai a kulle a wuce.

Hujjar da aka bayar ita ce yawancin masu shi tafiyar kwana biyu ko uku suke yi. Ban ƙaryata hakan ba. Sai dai, ranku ya daɗe, mutum ba ya sayen Gold Wing don tafiyar da yake yi kowane mako. Yana sayensa ne don tafiyar da ya daɗe yana tanadi a kanta: sati uku daga gaɓar gabashin Amurka zuwa ta yamma, ko hanyar Alaska, ko zagayen tsaunukan Turai da uwargida a baya. Ko da sau ɗaya yake yin ta a shekara, ita ce dalilin da ya sa ya zuba kuɗin da zai saya masa mota. Sunan wannan babur ma a irin wannan tafiya ya ginu. Emilio Scotto ɗan ƙasar Ajantina ya bar gida a 1985 a kan Gold Wing GL1100, bai kammala ba sai 1995, bayan ya ci kilomita 735,000. Wanda ya taso da irin wannan labari a kunnensa ba ya auna akwati da tafiyar ƙarshen mako.

Tankin mai ma haka. Daga lita 25 ya koma 21 da 'yan kai. Kun ce sabon injin ba ya shan mai kamar tsohon, saboda haka nisan da cikin tanki ɗaya yake kaiwa bai ragu ba. Ga mutum ɗaya da yake tafiya a natse, maganarku tana kan hanya. Amma a ɗora mutum na biyu, a cika akwatuna, a fuskanci iska a buɗaɗɗen fili, ko a ɗaura ƙaramar tirela a baya kamar yadda masu Gold Wing da yawa suke yi a Amurka, sai lissafin ya canza. A hamadar Nevada ko tsakiyar Ostareliya, inda gidan mai yake nesa da ɗan'uwansa, lita huɗu ita ce tsakanin mai kallon hanya da mai kallon allurar mai. Abin da mahaya suke cewa shi ne: da kun haɗa tsimin sabon injin da girman tsohon tanki, da ba a sami babur da zai kama ƙafarsa ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A gidaje da yawa, wadda take zama a baya ita ce take yanke hukuncin a saya ko a bari. Tsohon ya sami karɓuwa a wurin matan mahaya ne saboda wurin zamansu kamar kujerar falo yake: faɗi, majingina mai kwanciya, da faffaɗan gaba da yake tare iska har ta wuce kan mutum biyun. Akwai waɗanda barci yake ɗaukarsu a kansa. Sabon ya tsuke. Mai tuƙi yana jin daɗin hakan a kwana, yana kuma shan iska lokacin zafi. Ita kuwa ta baya, iskar da ta zagayo gefen gilashi a kanta take sauka, tana kaɗa mata hula, tana shiga ta wuyan riga. Bayan awa biyar a cikin sanyi, wuya ya ƙage, gwiwa ta gaji, sai ka ji an ce gobe ka tafi kai kaɗai. Daga ranar da aka faɗi haka, babur ɗin ya rasa rabin aikinsa. Na tabbata ba wannan kuka nufa ba, domin ku ne kuka fara sa wa babur jakar iska ta kariya a 2006, kuma kamfanin da ya yi wannan ba a ce masa bai damu da jikin mutane ba.

Ku dubi abin da masu sabon suke saye bayan sun fitar da shi daga shago: gilashi mai tsawo da faɗi, fikafikan tare iska a ƙarƙashin madubi, kujera ta wani kamfani, majinginar hannu ta mai zama a baya, maɗaurin kaya a saman akwati. Kowane ɗaya daga cikinsu saƙo ne gare ku. Kuma kun taɓa karanta irin wannan saƙo kun amsa. GL1000 na 1975 tsirara ya zo, babu gilashi babu akwati. Mahaya ne a Amurka suka riƙa ɗaura masa gaban Windjammer na Craig Vetter da jakunkuna, kuka lura, sai a 1980 kuka fito da Interstate da kayansa cikakku daga masana'anta. A 1988 kuka kawo GL1500 mai silinda shida da ribas, saboda nauyi ya kai inda turawa da ƙafa ta zama wahala. Ko a kan wannan sabon, a 2021 kun faɗaɗa akwatin sama zuwa lita 61, jimla ta koma 121, kuka kuma gyara majinginar baya. Mun gani, mun gode. Abin da muke cewa shi ne gyaran ya tsaya a rabin hanya: akwatunan gefe da tanki da kariyar iska suna nan yadda 2018 ta bar su.

Ba muna neman ku dawo da tsohon ba ne. Tun da dama kuna fitar da zubi biyu, mai akwatin sama da marar shi, ku raba musu aiki sosai. Marar akwatin ya zauna siriri ga mai son gudu da kwana. Wanda kuka kira Tour kuwa ya cika sunansa: akwatunan gefe masu zurfi da miƙaƙƙen ciki, tanki da ya koma kusa da lita 25, gaba mai faɗi ko fikafikan da ake buɗewa a rufe, da wurin zaman baya da aka gwada da mata na gaske a tafiyar yini guda cur, cikin sanyi da ruwa. Idan hakan zai ƙara kilo goma, masu wannan buƙata za su ɗauka da hannu biyu. Na'urar radar mai kiyaye tazara tsakaninka da motar gaba, wadda BMW da Ducati suka sa wa baburansu tun 2021, ita ma ta dace da babur ɗin da yake wuni a kan babbar hanya.

Akwai ƙaramin roƙo daga bakin makanikai. Canza matatar iska a GL1800, tsoho da sabo, sai an kwance robobin sama kusan gaba ɗaya, aikin da yake cin sa'o'i a kan abin da ya kamata a gama kafin shayi ya huce. A zubi na gaba a buɗe mata ƙofa. Sannan kada ku yi saurin daina ƙera kayan gyaran GL1500 da tsohon GL1800. Dubbai suna kan hanya har yanzu, wasu sun tsallaka teku sun sami masu su na biyu da na uku a ƙasashen da babu dillalinku kusa, kuma daga cikin waɗannan ne masu sayen sabon gobe za su fito.

Ina roƙon ku miƙa wannan takarda ga waɗanda suke zana zubi na gaba, kuma kafin su rufe zanen su zauna da masu zama a baya su ji ta bakinsu.

Allah ya ƙara basira.

Naku cikin girmamawa,
Wani mahayin Gold Wing