Me ya sa Linux ke ƙirga kowace farkawa kafin na'ura ta yi barci?

Na'ura mai aiki da batir tana tsimin wuta ne ta hanyar yin barci, amma shiga barcin yana ɗaukar lokaci. Sai an dakatar da manhajoji, sannan a kwantar da sassan na'urar ɗaya bayan ɗaya. Idan kira ya shigo ko aka danna maɓalli a tsakiyar wannan aiki, saƙon na iya faɗawa a rata: na'urar ta ƙarasa barcinta, kiran ya wuce ba wanda ya ji.

Android ta magance wannan da makullan hana barci, waɗanda manhaja ke riƙewa muddin tana da aiki. Masu kula da zuciyar Linux sun daɗe suna jayayya a kansu. A 2010, cikin Linux 2.6.36, Rafael Wysocki ya kawo wata dabara: ƙidaya.

Duk sashen da ya ga abin da ya cancanci tada na'ura yana sanar da zuciyar, ita kuma tana riƙe lissafi biyu: abubuwan da aka gama da waɗanda ake kan yi. Manhajar da ke son kwantar da na'ura za ta karanta lambar da ke cikin /sys/power/wakeup_count, ta mayar da ita wurin. Idan lambar ta canja kafin nan, za a ƙi karɓa. Idan an karɓa, sannan wani abu ya faru ana tsakiyar kwanciya, sai a fasa barcin.

Wannan tsari shi ya fi dacewa, domin ya raba aiki yadda ya kamata. Zuciyar tana bayar da shaida ne kawai, hukuncin yin barci kuwa yana hannun manhajar da ta san bukatar mai na'urar.

Masu suka suna da hujja: sashe ɗaya da ya ce ya fara aiki, ya kasa cewa ya gama, zai hana barci har batir ya ƙare. Sai dai wannan laifi yana barin sawu, domin kowane sashe da nasa lissafin a fayil ɗin wakeup_sources, kuma mai bincike zai gane mai laifin. Kiran da ya ɓace kuwa ba ya barin alama. Shi ya sa ɗalibin wannan fanni ya kamata ya fara da koyon karanta waɗannan lambobi kafin ya ɗora wa batir laifi.